A-kori-kurar da ke kwana ta manta: binciken lambar P0603 a jikin Ford F-150

Motar Ford F-150 ce ƙirar 2002, tokumbo daga Amurka, mai inji V8 lita 4.6 da giya otomatik. Mai ita manomi ne mazaunin Kaduna, gonarsa tana wajen Saminaka, da ita ake kai taki da maganin feshi, da kaka kuma a kwaso masara. Kafin ta iso garejinmu an canza mata filogi takwas, an wanke nozul, an sa sabon famfon mai, har ƙwaƙwalwar injin, wato birenbos, an sauya. Ciwon yana nan inda yake, ko gezau.

Direban ne ya yi bayani, Alhaji mai motar yana tsaye yana sauraro.

"Malam, da safe in na tayar sai ta kama rawa, sulo ya hau ya sauka, in ban riƙe totur ba ta mutu. In na sa giya ta zabura. Amma da mun kama hanya, kafin mu kai Mararrabar Jos ta warware, sai ka rantse ba ita ba ce."

Duk bakaniken da ya ji wannan zai ce matsalar sanyin inji ce, kuma da wannan zaton aka yi ta canje-canjen da aka yi. Na tambaye shi ko da rana takan yi. Ya ce in ya kashe ta ya shiga shago ya fito, lafiya lau take tashi. In kuwa suka tsaya salla da cin abinci, ko da bonet na ƙona hannu, sai ta dawo da halinta na safe. Wannan amsar ta raba maganar da sanyi. Injin da ya yi rabin awa a kashe cikin ranar Saminaka bai huce ba. Abin da ke tayar da ciwon tsawon lokacin da makulli ya yi a kashe ne.

Sai ya ƙara wata magana da shi kansa bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ya ce fitilar cek takan kama wani lokaci da yamma, ranar da aka yi zirga-zirga a cikin gari, amma da safe sai a tarar ta mutu da kanta. A tsarin OBD-II, wato tsarin da mota ke binciken kanta da shi, wanda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996, fitilar nan ba ta mutuwa a dare ɗaya. In ta kama, sai mota ta yi tafiya uku a jere ba tare da ƙwaƙwalwa ta sake ganin laifin ba kafin ta kashe ta, lambar laifin kuma tana zama a ajiye har inji ya yi zafi ya huce sau 40. Fitilar da ta ɓace kafin asuba, ko dai wani ya goge ta, ko wani abu yana gogewa.

Da muka jona na'urar karanta lambobin laifi a sokit mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, lambobi biyu kawai suka fito: P0603 da P1000. Babu komai game da mai, babu komai game da wuta, babu hoton yanayin inji da ƙwaƙwalwa kan ɗauka lokacin da laifi ya faru. Gwaje-gwajen da take yi wa kanta a kan hanya, na sensar salansa mai auna iskar da ta rage a hayaƙi, na EGR mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, na tacen hayaƙi, duk suna nuna ba a kammala ba. Gyaran mai na dogon zango, wato ƙari ko ragin man da ƙwaƙwalwa ta koya ta ajiye, wanda na'ura ke rubutawa LTFT, yana kan 0.0 a ɓangarorin inji biyu. Motar da ta haura shekara ashirin tana aiki, ƙwaƙwalwarta tana magana tamkar yau aka jona mata batir.

P1000 lamba ce ta Ford, ba laifi take nunawa ba, cewa take yi gwaje-gwajen ba su ƙare ba tun gogewar ƙarshe. P0603 ita ce ta jawo asarar kuɗi. Na'ura tana fassara ta da cewa akwai kuskure a ma'ajiyar cikin ƙwaƙwalwa, mai duba mota da ya ga kalmar "ciki" sai ya ce birenbos ya tafi.

Ma'ajiya ba ɗaya ba ce a cikin akwatin nan

Akwai wadda aka zuba wa manhajar inji tun daga masana'anta: jadawalin mai, lokacin tartsatsin filogi, lokacin canjin giya. Wannan ba ta bukatar wuta kafin ta riƙe abin da ke cikinta, ko an ajiye akwatin shekara biyar a kan kanta. Duk lokacin da aka buɗe makulli, ƙwaƙwalwa takan tara lissafin abin da ke rubuce a ciki ta gwada shi da jimlar da aka ajiye mata. In ba su yi daidai ba sai ta ba da P0601 ko P0605. Akwai ta aikin nan take, RAM, wadda ake rubutawa ana gogewa muddin inji na juyawa, lambarta P0604. Akwai ɗan gurbin da ke riƙe bayanan ita wannan mota, irin lambar shasi da girman taya da na aksul, wanda in ba a cika shi daidai ba Ford kan ba da P0602. In na'urar lissafin ce kanta ta rikice, P0606 ke fitowa.

Sai ta ƙarshe, KAM, wadda P0603 ke magana a kanta. Ita kamar allon aji take: abin da ƙwaƙwalwa ta koya a kan hanya da alli take rubuta shi, yana nan muddin ba a share ba. Abin da ke hana sharewar waya ɗaya ce da ke kawo wuta daga batir dare da rana, ko makulli na aljihun direba. A kan allon nan ake rubuta yawan man da ake ƙarawa ko ragewa don cike gurbin tsufan inji, da buɗin da bawul ɗin sulo ke bukata, da matsin man giyabos da ya dace da cinyewar faifan kuloc na ciki, da lambobin laifi, da sakamakon gwaje-gwaje. Littafin gyara na Ford bai ɓoye ba: cire kan batir kaɗai yana iya haifar da P0603 a tayarwar farko, kuma a jerin dalilanta tsatsar kan batir da yankewar wayar nan suna gaban lalacewar akwatin. Abin da lambar ke cewa shi ne an tarar da allon a share. Ba ta faɗi wanda ya share ba.

Akwai wata hujja da ke tsaye a gabanmu tun kafin mu taɓa mita. Birenbos ɗin da ke jikin motar ba nata na asali ba ne. An nemo shi a kasuwar Panteka ta Kaduna, aka sa, mota ta ƙi tashi, fitilar sata tana ƙyaftawa da sauri, domin tsarin tsaron makulli na Ford, PATS, ba ya yarda da baƙuwar ƙwaƙwalwa sai an gabatar da su ga juna da na'ura, bayan jiran minti 10 da tsarin ke tilastawa. Aka kira mai yi ya yi, aka biya shi, mota ta tashi, washegari P0603 ta dawo. Akwati biyu daban, ƙorafi ɗaya. Da wuya a ce duka biyun sun mutu mutuwa iri guda, kuma a daidai gurbi guda.

Mun fara da batir, don shi ne mai laifi a mafi yawan irin wannan ƙara. Bayan ya huta ya nuna bolt 12.6. Lokacin kik ya sauka zuwa 10.4, alhali abin tsoro shi ne ya faɗi ƙasa da 9.6, inda ƙwaƙwalwa ke iya ɗaukewa na ƙiftawar ido ta dawo. Da inji na aiki altaneta na ba da 14.1, kuma da muka juya mita zuwa AC ba mu ga wutar banza da ke nuna dayod ya ƙone ba. Kawunan batir a ɗaure suke tamau, babu farin garin nan da ke taruwa a kansu. Wayar at, wato ta negetif, daga batir zuwa inji da bodi ba ta zubar da abin a zo a gani ba ko a lokacin kik. Na tambayi direban ko yana cire kan batir da dare, kamar yadda mutane da yawa ke yi saboda tsoron ɓarayi ko zuƙewar caji. Ya ce bai taɓa ba. Alhaji ya ce shi ma ya hana.

Daga nan muka shirya gwajin da zai sa motar ta nuna halinta a gabanmu. Muka fita da ita har inji ya yi zafi sosai, muka dawo muka bar ta a sulo, na'ura na jone. Gyaran mai na nan take, STFT, ya fara da hawa sama da kashi 20, sannan a hankali na dogon zango ya riƙa karɓar nauyin, har ya tsaya wajen +21 a ɓangare na ɗaya, +19 a na biyu. Inji ya kwanta, rawa ta tafi. Muka kashe, muka ƙirga kamar minti ɗaya, muka tayar: alƙaluman suna nan. Muka sake kashewa, muka bar ta rabin awa ba wanda ya taɓa ta. Da aka tayar, LTFT ya koma 0.0 a duka ɓangarorin, sulo na hawa da sauka, P0603 ta sake fitowa.

Bambancin minti ɗaya da rabin awa yana da dalili. A cikin akwatin akwai kafasito da ke riƙe ɗan caji bayan wuta ta yanke, shi ya sa ma Ford ke cewa wanda ke son share KAM da gangan ya cire batir na aƙalla minti 5. Shiga shago a fito bai isa cajin ya ƙare ba. Salla da cin abinci sun isa. Haka kuma a Ford na wannan zamani, goge lambobi da na'ura ba ya taɓa gyaran man da aka koya, don haka ba za a ce wani mai na'ura ne ya mayar da alƙaluman sifili ba.

Gwajin ya nuna abu na biyu da ba mu zo nema ba. Injin da ke bukatar ƙarin mai kashi 20 a sulo yana da wata cuta ta daban. Mun ajiye wannan a gefe tukuna.

Ƙafa ta 55

Ƙwaƙwalwar wannan mota irin EEC-V ce, sokit ɗinta mai ƙafa 104, yana jikin bangon da ya raba inji da gida ta ɓangaren fasinja, noti ɗaya mai lamba 10 ke riƙe shi a tsakiya. A taswirar wayoyi, ƙafa ta 71 da ta 97 su ke karɓar wutar aiki daga rile idan an buɗe makulli. Ta 55 ita ce mai wutar dindindin ta KAM. Muka cire batir, muka zare sokit, muka mayar da batir, muka buɗe makulli. Ƙafa ta 71 ta nuna 12.4, ta 97 ta nuna 12.4, ta 55 ma 12.4. Alhaji ya ce ai mai wayarin da ya duba kafin a sayi birenbos haka ya gaya masa, wuta na zuwa ko'ina.

Gaskiya ya faɗa, sai dai da makulli a buɗe ya auna. Na ce wa yaron da ke cikin mota ya kashe ya zare makullin, tsinken mita yana kan ƙafa ta 55 bai motsa ba. Rile ya yi ƙas, alƙalami ya gangaro ya zauna a sifili.

Ƙafar da ya kamata ta fi kowace riƙon wuta tana mutuwa tare da makulli. Muka sake cire batir, muka auna tsakanin ta 55 da ta 71 da sokit a zare: kusan babu turjiya ko kaɗan, wato waya ɗaya suka zama a wani wuri cikin damin. Wannan ne ma ya sa lambar P1633, wadda Ford ke bayarwa idan wutar KAM ta yi ƙasa, ba ta taɓa fitowa ba. Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ke farke tana iya dubawa, wutar tana nan cif. Sai ta yi barci ake ɗauke mata.

Ba mu yi nisa da kwance damin ba. Kamar taki ɗaya daga sokit, baƙin salatif ya canza kama, sabo ne mai sheƙi a kan tsohon naɗin masana'anta. Da aka warware sai ga wayoyi biyar da aka yi wa ɗori, an murɗe su da hannu ba dalma, robar jikinsu duk sawun haƙori. Huɗu an haɗa kowace da 'yar'uwarta daidai. Ta biyar, mai zuwa ƙafa ta 55, an fere bayan wayar wutar rile an naɗe ta a kai. Ɗaya guntun nata, wanda ya fito daga wajen akwatin fiyus, an lanƙwasa shi an tura cikin dami, ko salatif ba a sa masa ba. Muka taɓa shi da fitilar gwaji, babu wuta.

A nan Alhaji ya tuna. Da daminar bara motar ta yi makonni a ajiye a gona, kusa da rumbun masara, saboda hanya ta yanke. Da aka zo ɗaukarta ta ƙi tashi, aka kira wani mai wayarin daga ƙauyen da ke kusa, ya ce ɓeraye ne, ya yi ɗori, mota ta tashi, kowa ya yi murna. Rawar safe ta biyo baya sannu a hankali, shi ya sa ba wanda ya danganta ta da wancan gyaran.

Ina iya ganin yadda abin ya faru, kuma ban ga dalilin zagin mutumin ba. Ya haɗa waya ta biyar da guntunta, ya gwada, ya ga ba wuta. Ba shi da taswira, rana na faɗuwa, ga mai mota a tsaye. Ya duba kusa ya ga waya mai wuta, ya aro. Abin da bai sani ba shi ne ɓerayen sun ci wayar a wuri biyu. Mun samu na biyun a ƙarƙashin mazaunin batir, inda ido ba ya kaiwa sai an cire batir da farantinsa: robar ta ɓare, zaren jan ƙarfen ya zama kore saboda ruwan batir, da aka ja shi kaɗan sai ya rabu a hannu. Wanda na fi ganin nauyi a kansa shi ne mai na'urar da ya karanta P0603 ya yanke hukunci a tsaye. Shi yana da abin da zai nuna masa LTFT a sifili da gwaje-gwajen da ba su kammala ba, yana da damar tambayar direba, amma ya tura manomi kasuwa neman akwatin da ba ya bukata. Na'urar nan ta yawaita a garejojinmu, abin farin ciki ne, sai dai da yawa an mayar da ita mai faɗin sunan kayan da za a saya. Kuɗin da aka kashe a kan famfo da filogi da birenbos da mai gabatar da makulli kuɗin taki ne.

Gyaran kansa bai da wuya. Muka yanke duk inda ya yi kore har muka kai ga jan ƙarfe mai haske, muka sa sabuwar waya mai kauri ɗaya da ta asali, muka liƙe da dalma, muka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Sauran ɗori huɗun ma muka kwance muka sake su haka, muka rufe inda aka fere a jikin wayar rile. Sannan muka gwada da kaya a kai, domin mita kaɗai tana ruɗi: zare ɗaya da ya rage a cikin waya zai nuna mata bolt 12 cikakku. Muka jona ƙwan sigina mai wat 21 tsakanin ƙafa ta 55 da at, makulli a zare. Ya kama da haske sosai, abin da ya zube tsakanin kan batir da ƙafar bai kai 0.2 ba, muka girgiza damin da hannu haske bai motsa ba. Ƙafafun at na sokit ɗin ma muka bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙwan. Da aka mayar da komai aka bar mota ta yi barci, abin da take ja daga batir bai kai miliamfiya 50 ba. Wannan ya kwantar wa Alhaji da hankali, don ya fara tambaya ko wayar da ba ta mutuwa za ta riƙa shanye masa caji.

Abin da mantuwar ta ɓoye

Saura kashi 20 ɗin nan. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan kashi ɗaya na mai. Ƙwaƙwalwa tana auna iskar da ta shigo ta mitar iska, ta ba da man da ya dace, sensar salansa ta gaya mata ko ta yi daidai. In iska na shiga ta wata kafa bayan mitar, lissafi zai riƙa fitowa da ƙarancin mai, sai ta yi ta ƙarawa, ta rubuta ƙarin a KAM don gobe ta fara daga nan. Da safe sensar salansa ba ta fara aiki sai ta yi zafi, a wannan tsakanin ƙwaƙwalwa da abin da ta rubuta jiya take dogara. Motar Alhaji kullum sai ta wayi gari ba rubutu. Ta ba da man lafiyayyen inji ga injin da ke shan iskar sata, ga bawul ɗin sulo da bai san inda zai tsaya ba, ga giyabos da ya koma matsin masana'anta. Rawar ke nan, da mutuwar, da zaburar. Kafin Mararrabar Jos ta sake koyon komai.

Fitilar yamma ma ta samu bayani. Lambobin ƙarancin mai, P0171 da P0174, sai an ga laifin a tafiya biyu a jere suke kunna fitila. Ranar da aka yi ta gajerun tsayawa a gari, ƙwaƙwalwa takan riƙe tafiyar farko har ta ga ta biyu, fitila ta kama. Dare ya yi, a share duka. Shi ya sa duk mai na'urar da aka kai wa motar da safe bai taɓa ganinsu ba.

Gano kafar bai ɗauki lokaci ba. A sulo jimlar gyaran mai tana sama da 20, da aka riƙe inji a juyi 2,500 sai ta sauko ƙasa da 6. In famfo ne mai rauni ko mitar iska mai datti, ƙarancin ƙaruwa yake yi idan an taka totur. Wanda ke raguwa da totur iskar sata ce, domin a sulo ne manifol ke tsotso da ƙarfi, iskar halal kuma kaɗan ce. Tun da ɓangarorin biyu sun tashi tare, kafar tana wurin da suka yi tarayya. Muka tura hayaƙi cikin manifol da inji a kashe, sai ga shi yana fitowa ta baya, kusa da bango. Gwiwar roba ce ta tiyon PCV, wanda ke kwaso tururin mai daga murfin inji. Ta sama lafiya take, da na sa yatsa ta ƙasa sai ya shige, robar ta yi laushi ta tsage. Duk wanda ya saba da injinan 4.6 da 5.4 na wancan zamani ya san gwiwar nan, zafi da tururin mai ke cinye ta da shekaru. Masu fesa maganin wanke kafireto su saurari canjin sulo ma suna iya gano ta, amma ni ba na son fesa abu mai kamawa a bayan inji mai zafi inda hannu da ido ba sa kaiwa.

Da aka sa sabuwar gwiwa, muka share KAM da kanmu, wannan karon da niyya, don kada ta riƙe ƙarin man da ba a bukata. Muka bar inji ya yi zafi a sulo ba tare da kunna komai ba, sannan da iyakwandishan, sannan a cikin giya da birki a take, kowanne 'yan mintoci. Muka fita hanya, tafiyar gari da ta babban titi, ana taka totur a hankali don giyabos ya bi giyoyinsa duka. LTFT ya zauna a +3 da +2. Motar ta kwana a gareji. Da safe aka murɗa makulli sau ɗaya ta tashi, sulo ya ɗan hau ya sauko ya tsaya, alƙaluman jiya suna nan, P0603 ba ta dawo ba.

Alhaji ya tambaya ko ke nan birenbos ba ya mutuwa. Yana mutuwa. Ruwa kan shiga ta sokit ya ci allon ciki, mai walda kan yi aiki a bodi da wayar at nesa da inda yake liƙi, wani kan juya kawunan batir wajen jan wuta daga wata mota, altaneta kan haukace ya tura fiye da bolt 16. In da mun samu ƙafa ta 55 da wuta dare da rana a ƙarƙashin kaya, at lafiya, batir ba ya faɗuwa a kik, amma P0603 tana dawowa bayan an goge, da na ce masa akwatin ne ba tare da shakka ba. Haka in P0601 ko P0605 ce ke dawowa nan take bayan gogewa, da wuta mai kyau, kuma ba wanda ya taɓa manhajar, sai dai a sake zuba manhaja ko a canza akwati. Ko a sauran motoci ƙa'idar ɗaya ce, lamba ce ke bambanta: Toyota kan ba da P0560 idan wutar dindindin ta ƙwaƙwalwa ta yanke, Nissan kuma P0603 ɗin take amfani da ita ga wannan layin.

Tsohon birenbos ɗin yana bayan kujera a cikin leda. Na ba da shawarar a mayar da shi, domin manhajarsa ita ce aka zuba don wannan inji da wannan giya da wannan aksul, na kasuwar kuwa lambar da ke jikin takardarsa ba ta yi daidai da ta asali ba, ko da yake yana tayar da mota. Alhaji ya ce a bari sai bayan girbi, ba ya son a sake taɓa maganar makulli ana tsakiyar aiki. Muka rubuta lambobin akwatunan biyu a takardar aikinsa, muka sa wa damin wayoyin rigar roba mai kauri, na kuma roƙe shi kada a sake ajiye motar a gindin rumbu.

Bayan kamar mako biyu direban ya kira, murya a sama.

"Malam, fitilar ta kama, kuma yau kwana uku ba ta mutu ba."

Na ce ya kawo ta. P1000 ta tafi, alamar ƙwaƙwalwa ta kammala gwaje-gwajenta a karon farko tun daminar bara. P0603 babu, P0171 da P0174 babu. Sabuwar lamba ɗaya ce, P0430: tacen hayaƙi na ɓangare na biyu, wato gefen direba, ba ya aikinsa. Gwajin tacen yana bukatar tafiya mai ɗan tsawo da sakamakon da ake tarawa, abin da motar ba ta taɓa samun damar riƙewa ba. Muka ɗaga ta, muka ga sawun walda a cikin tulun salansar gefen direba, an yanka an mayar. Da aka ƙwanƙwasa sai ya amsa fayau, indomin da ke ciki, wato abin da ke tace hayaƙin, an kwashe shi, wataƙila tun kafin motar ta zo hannun Alhaji. Sensar baya tana hawa da sauka tare da ta gaba, alhali a lafiyayyen tace kusan a kwance take zama. Na gaya masa wannan ba zai hana motar zuwa gona ba, amma fitilar za ta zauna a kunne har a sa wani tacen, kuma muddin tana kunne ba zai gane ranar da sabon laifi ya shigo ba sai an jona na'ura. Ya ce a nemo masa farashin na Baljiyam da na sabo, a haɗa da aikin mayar da birenbos, a yi su rana ɗaya bayan an kwashe masara.